Lokacin da Turawan Ingila suka yi musu kan kwashe talakawansu zuwa ƙetare

Ranar wata Lahadi bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta ƙofar shago, sai ga tirelar shanu ta tsaya a bakin titi. Samari suka yi ta dirowa daga samanta, kowa da ɗan buhun kayansa, fuska duk ƙura. Na ƙirga goma sha bakwai. Kafin tirelar ta tashi musu ya riga ya kaure a tsakaninmu. Wani dattijo ya ce gara su zo, zaman banza a gida shi ke haifar da ɓarna. Wani ya ce a'a, duk yaron da ya diro daga motar nan gona guda ce ta rasa mai noma ta, kuma masu mulkin can sun huta da ciwon kai guda. Na uku ya ce ku bar wannan zance, mu ma ai haka iyayenmu suka zo.

Ɗan ƙanena da ke karatun tarihi a jami'a yana gefe yana jinmu. Da aka watse ya ce mini, "Baffa, wannan musun naku fa Turawan Ingila sun yi shi shekara ɗari biyu da suka wuce, har a zauren majalisar dokoki." Na ce kai tafi can, Ingilan da yaranmu ke sayar da fili don su je? Ya ce ita fa. Daga baya ya kawo mini takardu, na yi ta bi a hankali da ɗan Turancina na kasuwa, inda ya cije ya warware mini. Abin da na tsinta shi ne nake son in kawo wa jama'ar unguwa.

A 1815 aka gama yaƙin da Birtaniya ta shafe sama da shekara 20 tana yi da Faransa, wanda ya ƙare da faɗuwar Napoliyon. Aka sallami sojoji da ma'aikatan jiragen yaƙi fiye da dubu 300, suka dawo gida ba aikin yi. Farashin hatsi ya faɗi, manyan manoma suka rage 'yan ƙwadago, ga injin saƙa ya fara kashe wa masaƙan hannu kasuwa. A Ingila kuwa akwai wata tsohuwar doka tun 1601 wadda ta ɗora wa kowace ƙaramar gunduma ciyar da matalautanta, da harajin da ake karɓa daga masu gidaje da gonaki. Zuwa 1818 wannan haraji ya kusa fam miliyan 8 a shekara. Masu biya suka fara kuka. A riƙe wannan da kyau, don daga bakin masu biyan haraji maganar ta fara fitowa da ƙarfi, duk da cewa su ma talakawan, musamman masaƙan Glasgow, sun kafa ƙungiyoyi suna roƙon gwamnati ta kai su Kanada.

Wanda ya ɗauki maganar a ka shi ne Robert Wilmot-Horton, ƙaramin minista a ma'aikatar da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka tun daga 1821. Lissafinsa irin namu ne na 'yan kasuwa. Ya ce iyalin da ba su da aiki, bana ka ciyar da su, baɗi ka ciyar da su, har illa masha Allahu. To me zai hana gunduma ta ci bashi sau ɗaya, ta jinginar da harajin nan nata, ta biya musu jirgi zuwa Kanada, a ba su gona da kayan aiki? In an yi haka, wai, mai cin sadaka ya zama mai gona, har ya riƙa sayen tufafin Ingila, waɗanda suka rage a gida kuma ladan ƙwadagonsu ya tashi tunda hannaye sun ragu. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya tafi ya yafe haƙƙinsa na tallafin gunduma.

Bai tsaya a baki ba, ya gwada. A tsibirin Ayalan, wanda a lokacin Landan ke mulka, talauci ya fi na Ingila muni, kuma manoman haya na yankin Cork sun fara tayar da ƙayar baya. Aka ɗora wa wani mutumin Kanada mai suna Peter Robinson aikin. A 1823 ya kwashi mutum 568. A 1825 ya dawo, mutum wajen dubu 50 suka nemi gurbi, ya ɗauki 2,024 a jirage tara, kowane jirgi da likitansa. Da suka isa, kowane magidanci aka ba shi gona, da saniya, da gatari da sauran kayan aiki, da irin shuka, da abincin da zai kai su wata 18. Zazzaɓi ya kashe wasu a hanya da kuma bayan isa, amma akasarinsu sun zauna sun yi gonaki. Garin da suka raya ana kiransa Peterborough har gobe, sunan Robinson ɗin ne aka sa masa. Sai dai kuɗin da aka kashe a tafiyar 1825 kaɗai ya haura fam dubu 40, wato sama da fam 20 kan kowane rai, har jarirai. Baitulmali ya ga takardar kuɗin ya ja da baya.

Horton ya sa majalisa ta kafa kwamiti a 1826 da 1827, shi ne shugaba, aka yi ta kiran mutane suna ba da shaida. Cikin waɗanda aka kira har da Thomas Malthus, wani malamin coci da ya yi suna tun 1798 da ra'ayinsa cewa haihuwa tana gudu ne abinci kuwa yana tafiya, don haka yunwa ba za ta taɓa rabuwa da talaka ba muddin bai rage aure da wuri ba. Shi Malthus bai ƙi ƙaura ɗungurungum ba, ya yarda tana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci. Amma yana ganin gurbin da aka bari zai sake cika, kamar ka ɗebi ruwa a rijiya da yamma ka dawo da safe ka tarar ta kawo. Maganin da ya goyi baya shi ne a rushe bukkokin waɗanda suka tafi, kada wani saurayi ya samu ɗakin da zai yi aure a ciki. Da na zo nan sai da na ajiye takardar na ɗan yi shiru. Mutum ya bar garinsu, kafin jirginsa ya ɓace a ido an baje ɗakin da aka haife shi, da shawarar malami.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne William Cobbett, ɗan manomi, tsohon soja, mai jaridar da talakawa ke haɗa kuɗi su saya a karanta musu. Wannan bakinsa ba linzami. Ya hau doki ya zaga ƙauyukan kudancin Ingila yana rubuta abin da ya gani: gonaki cike da alkama, tumaki da shanu ko'ina, waɗanda suka noma su kuwa ba sa samun nama. Ya ce ta yaya za a ce mutane sun yi yawa a ƙasar da ake ɗora abinci a keken doki ana fita da shi daga ƙauye? A ganinsa akwai rarar mutane, amma ba a gona suke ba, suna Landan: masu cin fanshon da ba su yi wa aiki ba, masu cin ruwan bashin yaƙi, da 'yan kanzagin gwamnati. Idan za a cika jirgi, a fara da su. Ya kuma ce ɗan ƙwadagon da kakanninsa suka share dajin nan yana da haƙƙin cin abinci a cikinsa, ba wanda ya isa ya ce masa ya yi yawa. A wani wuri Cobbett ya kuskure, don ya dage cewa jama'a ba ƙaruwa suke yi ba, alhali ƙidayar da aka fara tun 1801 ta nuna suna ƙaruwa sosai. Kuma abin dariya, shi da kansa sau biyu yana zama a Amurka, har ya rubuta littafin jagora ga masu son tafiya a 1829. Abin da yake ƙi shi ne a tattara mutum a tura shi, wanda ya ga dama ya tafi da kuɗinsa wannan ruwansa. Wani ɗan majalisa, Michael Sadler, shi ma ya tsaya kan cewa ciwon Ayalan masu filaye ne da ke zaune a Landan suna cin kuɗin haya ba sa mayar da ko sisi cikin ƙasar, kuma masu ƙarfi ne ke tafiya, a bar tsofaffi da marasa lafiya.

Majalisa ba ta taɓa ba Horton manyan kuɗin da ya nema ba. A 1831 aka tura shi gwamna a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, shi ma dai an yi masa tasa ƙaurar.

Wanda ya karɓe fagen bayansa wani mutum ne mai abin mamaki, Edward Gibbon Wakefield. Yana kurkuku a Landan, ɗaurin shekara uku saboda ya yaudari 'yar wani attajiri mai shekara 15 ya gudu da ita, a can ya rubuta littafi a 1829 kamar wasiƙa daga Sydney ta Ostareliya, garin da bai taɓa takawa ba. Ya ce kuskure ne a ba talaka gona kyauta, don kowa zai shige daji ya zama mai gidan kansa, mai jari ya rasa wanda zai yi masa aiki. A sayar da fili da tsada, kuɗin a ɗauko matasa sababbin aure masu lafiya, su yi wa wani ƙwadago na wasu shekaru kafin su iya sayen nasu. Gwamnati ta karɓi wannan, daga 1831 aka daina rabon fili kyauta a Ostareliya, aka sa farashin da bai gaza sule biyar kan eka ba. Mutanen Wakefield suka riƙa yi wa tsarin Horton ba'a, har ɗayansu, Charles Buller, ya kira shi kwashe matalauta da shebur a jawabinsa na majalisa a 1843. Amma duba abin da ya faru. Da ana tambayar wane ne yunwa ta fi damu, yanzu an koma tambayar wane ne zai yi amfani a can. Gwauruwa mai 'ya'ya biyar da tsoho mai tari ba sa cikin lissafin Wakefield.

A tsakanin nan, a 1830, 'yan ƙwadagon gona a kudancin Ingila suka yi bore, suna farfasa injinan sussuka da suka ƙwace musu aikin hunturu, suna cinna wa tarin ciyawa wuta. Aka rataye 19, aka kai kusan 500 Ostareliya a matsayin fursunoni. Tsoro ya shiga masu ƙasa. A garin Petworth wani babban mai fili, Lord Egremont, ya tallafa wa shirin da ya kai mutane wajen 1,800 Kanada tsakanin 1832 da 1837, malamin cocin garin yana lura da tsarin, kuma an yi shi da mutunci gwargwado. Sabuwar dokar matalauta ta 1834 ta ba gundumomi izinin cin bashi don tura mutanensu, kamar yadda Horton ya so, amma zuwa 1860 waɗanda suka tafi ta wannan hanya wajen dubu 25 ne kawai, cikin miliyoyin da suka bar ƙasar.

Sai babbar jarrabawa ta zo. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a Ayalan, abincin da wajen mutum miliyan uku ba su da wani sai shi. Ta dawo a 1846 ta cinye kusan duka. A lokacin an riga an kafa wa Ayalan tata dokar matalauta tun 1838, kuma mai fili shi ke biyan harajin duk ƙaramar gonar haya da darajarta ba ta wuce fam huɗu a shekara ba. To ka ga manomi ba ya iya biyan haya, mai fili kuma yana biyan haraji a kansa. Nan lissafin Horton ya dawo, amma an cire masa saniya da gona da likita, an bar kuɗin jirgi tsagwaronsa.

A wani gari Strokestown, wakilin Manjo Denis Mahon, mai filin, ya buga lissafi ya ga kuɗin tura mutanen Kanada kusan rabin abin da za a kashe ne wajen ciyar da su shekara ɗaya a gidan gajiyayyu. A 1847 aka tashi mutum 1,490. Suka taka da ƙafa kilomita wajen 165 zuwa Dublin, aka haye da su Liverpool (garin ƙwallon nan da yaranmu ke faɗa a kai), aka zuba su a jirage huɗu. Yawancin jiragen wannan hanya na dakon katako ne, sun sauke kaya a Ingila, maimakon su koma wayam sai a kafa katakai a cikinsu a loda mutane. Ɗaya daga cikin huɗun, Virginius, ya tashi da mutum 476, kafin ya isa 158 sun mutu an jefa su teku, saura kuma da yawansu a kwance. Zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ne, da gudawa, a cikin duhu ba iska ba isasshen ruwa, tafiyar mako tara. Labari ya koma gida. A watan Nuwamba na wannan shekara aka harbe Mahon a hanya ya mutu. Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba, Lord Palmerston, wanda yake ministan harkokin waje a lokacin, shi ma ya tura wajen mutum dubu biyu daga filayensa na Sligo, wasu suka sauka cikin sanyin Kanada da tsummokara, har hukumomin can suka kai ƙara Landan.

Akwai wani ɗan tsibiri a kogin da ke shiga Quebec, Grosse Île, inda ake killace masu shigowa. A 1847 kaɗai an binne mutum 5,424 a wurin. Likitoci da malaman coci da suka je taimako su ma da dama sun kamu sun mutu, haka magajin garin Montreal. Marayu da yawa iyalan Faransawan Kanada suka ɗauka suka riƙe. Wannan wurin ya taɓa ni, domin a 'yan shekarun da nake taimakawa da limanci na sallaci gawar baƙo ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, yaron da ba wanda ya san sunan ubansa, sai dai a ce ɗan wajen kaza ne, a laluba aljihunsa ko za a samu lambar waya.

Ƙidayar 1841 ta samu mutum miliyan 8 da kusan dubu 200 a Ayalan. Ta 1851 ta samu miliyan shida da rabi. Wajen miliyan ɗaya sun mutu, sama da miliyan ɗaya sun tafi.

Abin da manyan nan masu musu ba su hango ba shi ne wanda zai biya kuɗin a ƙarshe. Waɗanda masu filaye da gwamnati suka tura kaɗan ne ƙwarai a cikin taron. Sauran, 'yan uwansu ne suka ɗauke su. Yarinya ta samu aikatau a Boston ko New York, ta tara, ta aiko wa ƙanenta tikiti. Shi kuma ya yi shekara yana haƙar hanyar jirgin ƙasa, ya aiko wa na bayansa. Hukumar kula da ƙaura ta Birtaniya ta lissafa abin da ake aikowa daga Amurka da Kanada: fam dubu 460 a 1848, zuwa 1854 ya kai fam miliyan ɗaya da dubu 730 a shekara guda, ban da wanda aka ba wani a hannu ya kawo. Kwatanta wannan da fam dubu 40 da baitulmalin daula ya ga ya yi masa yawa. Kuma wanda ɗan uwansa ya kira ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in ya sauka, akwai tabarma, akwai wanda zai kai shi wurin aiki da safe.

Wannan kam mu ba sai an fassara mana ba. Unguwar nan ta Sabo da aka yanka a 1916 da haka ta ginu. Bafatake ya taso daga Kano ko Sakkwato da shanu ko neman goro, ya san sunan mai gidan da zai sauka a wurinsa, mai gida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashi. Mahaifina haka ya zo, wajen ƙanen kakata ya sauka. Yaran tirelar nan kuwa da na bi sawu daga baya, biyar ne kawai cikin goma sha bakwai suke da wanda suka zo wurinsa.

Shin wa ya yi gaskiya a musun Turawan? Rijiyar Malthus ba ta kawo ba. Ayalan ta ci gaba da zubewa, zuwa 1911 saura miliyan huɗu da dubu 400 ba kaɗan, kuma har yau tsibirin bai koma adadin 1841 ba. Ladan ƙwadago ya tashi ga waɗanda suka rage, a nan Horton ya ci. Amma filayen da aka kwashe mutane a kai an mayar da su makiyayar shanu da tumaki don kasuwar Ingila, kuma matasa ne suka yi ta tafiya kamar yadda Sadler ya faɗa, har ta kai daren da yaro zai tashi dangi kan taru a kwana zaune kamar zaman makoki, don an san uwarsa ba za ta ƙara ganinsa ba. Manoman Ayalan ba su mallaki gonakinsu ba sai da suka yi gwagwarmaya a gida daga 1879, aka yi ta dokoki har zuwa ta 1903 da gwamnati ta ba su rancen sayen filayen. Ni dai a nawa ganin Cobbett ya fi kusa da gaskiya, ko da ya kuskure a ƙidaya.

Akwai kuma waɗanda ba a kira gaban kwamitin ba ko sau ɗaya. Filin da Robinson ya raba ƙasar mutanen Mississauga ce, 'yan asalin wurin, da aka karɓa a hannunsu da yarjejeniyar 1818. A nan nahiyarmu ma, a 1819 majalisar Landan ta ware fam dubu 50 ta kwashi marasa aiki wajen dubu huɗu, aka sauke su a 1820 a gabashin Kef ta Afirka ta Kudu, a kan filin da aka kori Xhosa daga cikinsa da bindiga 'yan shekaru kafin nan. Ba a gaya wa yawancinsu cewa katanga aka kawo su su zama tsakanin Turawa da masu ƙasa ba, sai da suka isa suka gani.

Lahadin da ta biyo na kai wa majalisa wannan labari. Dattijon farko ya ce to ai ka ga waɗanda suka je Amurka sun ci gaba, jikokinsu har shugaban ƙasa sun yi. Na biyun ya ce ka tambayi na cikin teku. Ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Da aka kira magariba dai mun tashi da magana ɗaya, cewa Sarkin Hausawa ya sa a buɗe littafi a masallaci, duk yaron da ya diro a rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsu da lambar wani nasa. An sayi littafin, zuwa daren jiya suna 41 ne a ciki.